Maigida Yana Sanyaya Ɗakina Daga Kano, Dada Tana Hura Gawayi

Assalamu alaikum, Inna Ikilima. Don girman Allah ki taimake ni, ki karanta wannan har ƙarshe ko da ya yi miki tsawo, domin duk wanda zan gaya wa a nan cewa zai yi daɗi ne ya yi mini yawa. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni kuwa wankan ma nake ciki, na jego, ban kai arba'in ba. A waya nake rubuto miki, ina yi ina hutawa saboda kaina, idan kin ga magana ta hau kan magana ki yi mini uzuri.

Ni 'yar Basirka ce ta ƙasar Gwaram, aure ya kawo ni Birnin Kudu. Maigidana yana da motocin da ke kwasar hatsi daga kasuwannin nan zuwa Kano, kuma a can ya fi zama, sai ƙarshen mako muke ganinsa. Tsakani da Allah bai rage ni da komai ba. Sai dai mutum ne mai son kayan zamani, abin da duk ya gani a gidan wani Alhaji a Kano ba ya samun sukuni sai ya kawo irinsa gida. Ina da tsohon ciki ya zo da masu aiki suka shimfiɗa sola a saman kwano, suka jera batura a sito, suka kafa esi a kowane ɗaki. Ba irin wanda kika sani mai rimot ba. Kowane ɗaki an manna masa wani ɗan farin abu a bango, bai fi sabulun wanka girma ba, shi ke auna zafin ɗakin ya aika wa wayarsa. Yana zaune a Kano yana ganin falo da ɗakinsa da ɗakina da na baƙi, kowanne da lambarsa, ya ƙara wa wannan sanyi, ya rage wa wancan, ya kashe na inda ba kowa. Don kada sanyin ya zurare, sai suka cire tagogin da muka tarar suka sa na gilashi masu roba a baki, suka toshe 'yan kafofin iskan nan na saman bango da siminti, ƙofar ma suka liƙa mata roba a ƙasa. Ko taga na zuge sai wayarsa ta yi ƙara. Da farko abin dariya yake ba ni, nakan zuge da gangan don ya kira ya ce ya kama ni.

Na haihu a tsakiyar bazarar nan, mace, 'yar fari, kin san ba zan iya faɗin sunanta ba. Bisa al'ada gida ya kamata in tafi wanka. Maigida ya kafe ya ce ba za a ɗauki 'yarsa a kai ta ɗakin da ko fanka babu a cikin wannan zafin ba. Yana da dalilinsa: ƙanwarsa da yake ji da ita sanƙarau ne ya ɗauke ta suna yara, a irin wannan lokacin, kuma har yau ya yarda zafin ɗaki ne ya ja mata. An yi ta kai ruwa rana da 'yan'uwana, daga ƙarshe aka daidaita a kan Dada ta zo ta yi mini wankan a nan.

Dada yayar mahaifiyata ce, ita ta riƙe ni tun ina tsumma, ban san wata uwa ba sai ita. Mahaifiyata a jegona ta rasu. Jikinta ne ya kumbura, numfashi ya gagare ta, kuma Dada ta tafi a kan cewa sanyi ne ya shige ta saboda an yi wasa da wankanta. Ta sha gaya mini cewa ranar da aka fita da gawar ta yi wa Allah alkawari ba za ta bari a yi sakaci da nawa jegon ba.

To ga inda gizo ke saƙar. Maigida da Dada surukai ne, kuma irin surukan da ne. In ya zo gaishe ta daga bakin ƙofa yake tuɓe takalmi ya durƙusa, ita tana bayan labule, ya gaida ta, ta amsa a ciki-ciki, ya tashi. Ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce mai gidan nan. Shi kuma ko ruwa ba ya iya sha a gabanta. Mutane suna yaba musu wannan kunya, ni ma da alfahari nake yi da ita. Yanzu kuwa ita ce take neman cinye ni.

Ranar da Dada ta fara shiga ɗakina ta dafa bango ta yi salati, ta ce wa ya taɓa ganin an ajiye mai ɗanyen jiki a cikin randa. A Basirka gadon ƙasa ake hura wa wuta a ƙarƙashi mai jego ta kwanta, nan kuwa tayil ne da gadon katako. Ta nemi inda ake kashe abin ta rasa, sai ta bi wayar wutar ta kashe shi daga makunnin bango. Ba a jima ba maigida ya kira ni yana tambaya me ya sami esin ɗakina. Na gaya masa gaskiya. Ya ce to. Ƙarshen makon ya zo da masu aikin suka mai da makunnin cikin wani akwati a sito, ya sa kwaɗo, ya tafi da makulli. Bai ce wa Dada uffan ba, ita ma ba ta ce masa ba. Ta dai bari ya hau hanya, ta aika aka sayo mata kurfoti da buhun gawayi.

Tun daga ranar haka muke. Da an gama wankan safe sai ta hura gawayi a tsakar gida, ta shigo da kurfotin ta ajiye gefen gado, ta ja ƙofa, ta ƙara cusa tsohon zani a ƙasanta. Ɗaki ya ɗau ɗumi, abin bangon nan ya kai rahoto Kano, can sai ki ji esi ya ɗaga murya. Dada ta ɗaga kai ta harare shi, ta ƙara gawayi. Shi ya ga lamba ta ƙi sauka, ya ƙara sanyi. Ita ta ƙara fifita. Mutum biyu da ba sa iya haɗa ido suna ta dambe a kaina, ɗaya da waya ɗaya da mafici, ni da jaririya muna kwance a tsakiya. Wani lokacin gefen jikina na dama yana zufa, na hagu yana karkarwa.

Ban gaya masa zancen gawayin ba. Shi a tunaninsa na'urar ɗakina ce ta samu matsala, har faɗa ya yi wa masu aikin a waya. In ya kusa dawowa Dada takan kai kurfotin bayan kicin ta kife masa kwando, ta turara ɗakin da turaren wuta. Na san halinsa, in ya ji ba zai yi mata magana ba, mota kawai zai turo a ce ta shirya a mai da ita gida, kuma wannan abin kunyar ba zai taɓa goguwa tsakanin gidajenmu ba. Da na gwada ce wa Dada ta rage wutar kuwa, sai ta zauna bakin gado ta fashe da kuka, tana cewa haka mahaifiyata ta ce mata, zafi ya yi yawa, aka biye mata. Ban sake tayar mata da zancen ba. Yayar maigida, Yaya Kubura, tana nan cikin gari kuma muna shiri, har na ɗauki waya zan kira ta na fasa, kada a ce na kai ƙarar uwata wurin dangin miji.

Abin da ya sa na rubuto miki shi ne, Inna, wani abu yana damunmu a ɗakin nan, kuma tsoro nake ji. Kaina yana sarawa kamar an ɗaure shi da igiya. Zuciyata tana tashi, ƙirjina yana bugawa, in na miƙe sai jiri ya kwashe ni. Ƙafafuna ma sun ɗan tasa. In aka fita da ni wankan yamma sai in ji ya lafa, Dada ta ce kin gani, ruwan zafi ne magani, sanyin da ya shige ki ne yake fita. In na koma ɗaki ya dawo. Abin da ya fi ɗaure mini kai, ranakun da maigida yake gida garau nake tashi. Sai ya tafi abin yake zuwa. Allah ya yafe mini, har na fara zargin ko wani abu yake dannawa daga can wanda ban sani ba, mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba. Yanzu in na kalli farin abin nan na bango sai in ga kamar kallona yake yi, har ɗankwali na taɓa rataya masa.

Yarinyar kuwa kowa ya zo barka sai ya yaba haƙurinta, wai ba a taɓa ganin jaririya mara rigima irinta ba. Da ba haka take ba. Satin suna in ta tsage da kuka har maƙwabta suna ji. Yanzu barci take yi tun hantsi har la'asar, sai na tashe ta da ƙyar in ba ta nono, ta ja kaɗan ta saki, kanta ya langaɓe. Dada ta ce ɗumi ne ya karɓe ta.

Jiya bayan azahar Dada ta tashi za ta fita alwala, tana kai hannu ga ƙofa ta zube. Ina kallonta tana amai, ina so in tashi, ƙafafuna suka ƙi, ina so in yi ihu, muryar ba ta fita. Ban san iya lokacin da muka ɗauka a haka ba. Allah ne ya kawo wata maƙwabciya da ta zo aron turmi, ta yi ta sallama shiru, ta turo ƙofa da ƙarfi ta bar ta a wangale, ta yayyafa mana ruwa, can muka dawo hayyacinmu. Maƙwabciyar ta ce gidan kusa da duwatsu yake, matattarar aljanu, a nemi tsari. Dada ta ce ta ji sarai an hankaɗe ta, kuma ta gane iska ce ta shigo ta cikin na'urar nan ta zauna a ɗakin. Ta riga ta aika Basirka a karɓo mata turare wurin wani mai magani. Ranar Alhamis za a yi, da kurfoti biyu, a rufe ƙofa ruf daga azahar zuwa la'asar, ni da yarinya da ita a ciki, don hayaƙin ya ratsa mu sosai. Ta ce in hakan bai yi ba za ta tattara mu mu tafi gida ko mai gidan nan ya yarda ko bai yarda ba.

Inna, gaba kura baya sayaki. Wa zan bi, mijina ko uwata? Na'urar nan tana cutarwa ne ba a gaya mana ba? Ina da zunubi da nake ɓoye masa? In Dada ta ce mu tafi, in bi ta aurena ya girgiza, ko in ƙi ta yi fushi da ni? Don Allah ki ɓoye lambata, kuma ki sa mu a addu'a.

Taki, Mai Jego, Birnin Kudu.

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya. Tambayoyinki za su jira, akwai abin da ba zai jira ba. Ki ajiye karatun nan, ki buɗe ƙofa da taga, a fitar da kurfotin nan tsakar gida, kada ya sake shiga ɗakin. Wayar mijinki ta yi ƙarar, ba komai. Turaren Alhamis kuwa kada ki yarda a yi shi ko da Dada za ta kwana tana kuka.

Ba aljani ba ne ya kayar da ita, kuma mijinki ba ya danna muku komai. Gawayi in yana ci yana fitar da wata guba da ba ta da wari ba ta da launi, ko garwashin ya yi jajur babu hayaƙi. A ɗakin Basirka ga rufin azara, ga ƙofa mai kafa, iska tana shiga tana fita, shi ya sa iyayenmu suka yi ta yi, kuma ko a can wasu ba su tashi ba aka ce kwana ne ya ƙare. Naki ɗakin an toshe shi ta ko'ina. Esi kuma ba ya jawo iskar waje, wadda ke ciki yake juyawa yana sanyayawa, da gubar da komai. Ke da kanki kin kawo shaida ba ki lura ba: kina warwarewa a wurin wanka saboda kin fita waje, kina tashi garau in maigida yana nan saboda a ranakun kurfotin yana ƙarƙashin kwando. Wannan gubar barci take sa mutum, daga barcin ya wuce. Da maƙwabciyarki ba ta zo aron turmi ba, ban san ko da wannan wasiƙa ta iso ni ba.

Ku tafi asibiti yau, ku ukun. Jaririyar da sai da ƙyar ake tashinta, ta ja nono kaɗan ta saki, ba haƙuri take yi ba. Ni ba likita ba ce, amma ki gaya musu komai kada ki rage: gawayin, faɗuwar Dada, bugun ƙirjinki, kumburin ƙafarki, kunun kanwa in ana ba ki da yawan da kike sha, da yadda mahaifiyarki ta rasu. Kumburi da sarƙewar numfashi bayan haihuwa abu ne da suka sani kuma suke dubawa, kada ki bari a ce miki sanyi ne kawai.

Yanzu ga mutanenki biyu. Ba na ganin mugu a cikinsu. Kowannensu ya binne wanda yake ƙauna, kowanne yana tsare ki ne daga abin da ya kashe nasa. Dada ta yi gaskiya cewa mai jego tana buƙatar ɗumi da kulawa, kuskurenta ta ɗauko dabarar wani ɗaki ta kawo wani. Mijinki ya yi gaskiya cewa zafin bazara ba abin wasa ba ne ga jariri, amma ya yi kuskure babba da ya sa wa makunni kwaɗo ya tafi da makulli. Lamba yake gani a waya, ba ya ganin fuskar matarsa, kuma bai taɓa tambayarki ko sanyin ya yi miki ba. Ke ma da naki, shirun da kika yi don kare mutuncinsu ya kusa cin rai uku. Kunyar surukai ado ce, amma an yi ta ne da sanin akwai ɗan aike a tsakani. Ku kuka rasa ɗan aike, sai na'ura da kurfoti suka karɓi aikin.

Ki kira Yaya Kubura yanzu, ta zo da abin hawa ta kai ku asibiti. Wannan ba kai ƙara ba ne. Daga can ki kira mijinki ki gaya masa da bakinki, ki fara da cewa Dada ma ta faɗi, don tausayi ya riga fushi isa zuciyarsa. Sannan Yaya Kubura ta nema miki waɗannan a wurinsa: ya dawo da makulli, ya sa miki ikon ɗakinki a taki wayar, a buɗe kafofin iskan da aka toshe, a daina ƙararrawar taga. Ai amfanin abin da ya kashe wa kuɗi ke nan, kowane ɗaki da nasa yanayin. Ya mai da nasa ƙanƙara in ya ga dama, naki a bar shi daidai jikin mai jego, ba zufa ba karkarwa, kuma ke da ke ciki ke za ki faɗa.

Dada kuma kada ki ce mata al'adarta jahilci ce, ba za ta ji ba, kuma ba ta cancanci haka daga gare ki ba. Ki ce mata ɗakin ne ba ya numfashi. Ki bari ma'aikatan asibiti su yi mata bayani, babba ya fi karɓar magana daga bakin da ba shi ya goya ba. Ta ci gaba da wankanta a waje da ruwan da fata za ta iya ɗauka, ta gasa miki namanki, ta lulluɓe ki. Alkawarin da ta ɗauka na ta ga kin rayu ne, ki tuna mata da haka. Zancen Basirka kuwa, kada ki fita gidan mijinki a ɓoye. In likita ya sallame ku, a roƙe shi a fili ki je ki ƙarasa arba'in, mai yiwuwa bayan wannan ya fi kowa saurin yarda.

'Yata, ban jira ranar fitowar filin nan ba. Ina gama karanta saƙonki na kira lambar da kika turo shi da ita, na sake kira, na tura miki amsa, har zuwa lokacin da nake wannan rubutu wayar a kashe take. Ina kyautata zaton caji ne ya ƙare. Na tsallake wasiƙun da suka riga taki na sa ta a gaba, na kuma ɓoye lambarki kamar yadda kika roƙa. Amma ina roƙon masu karatu na Birnin Kudu, musamman matar da ta je aron turmi ta tarar da mai jego da tsohuwa a zube: in wannan ya iso gare ki, ko ga wanda ya ji labarin a bakinki, kada a tsaya sallama daga zaure, a shiga a buɗe ƙofar nan kafin azahar ɗin Alhamis.

Allah ya tsare ki, ya tsare Dada, ya tashi 'yar nan ta cika muku gida da kuka. Ina sauraron kiranki.

Inna Ikilima